Abin Da Aka Sha A Nono

Idan yaro ya tashi da wani hali wanda ya gagari iyayensa da malamansa, ko na rowa ne, ko na faɗa, ko na tsoron da ba a san dalilinsa ba, har aka gaji da nasiha aka gaji da bulala, to, daga ƙarshe akan sami wani dattijo ya kaɗa kai ya ce a rabu da shi, hali zanen dutse ne, barewa kuma ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma wannan dattijon da kansa, idan gobe ya ga wani uba yana sakaci da ɗansa, shi ne zai ja shi gefe ya tuna masa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba zai ji a ransa cewa maganarsa ta yau ta warware ta jiya ba. Akwai kuma magana ta uku wadda ta fi waɗannan biyu ba ni mamaki, ita ce da mukan ce da mutum, ai wannan hali a nono ya sha. Mai faɗin haka gado yake nufi, babu shakka, alhali kuwa lafazin bai ambaci jini ko tsatso ba, shayarwa ya ambata, watau abin da ke aukuwa bayan an riga an haihu, a hannun wata mace wadda tana iya zama mahaifiya, tana kuma iya zama wata dabam. Na daɗe ina zaton sakin baki ne irin na yau da kullum, sai daga baya na fara tunanin cewa waɗanda suka fara faɗinta sun hango wani abu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar zaure ce wadda ake yi don a kashe lokaci kafin la'asar, domin mas'ala ce da ta taɓa tushen taklifi kansa: in har hali abu ne da aka gama zubawa a jini tun kafin mutum ya buɗe ido, to wa'azi ya zama wasa, horo ya zama zalunci, yabo da zargi kuma duk sun rasa gurbi. Da wannan hujja Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi raddi a cikin littafinsa Ihya'u ga masu cewa ɗabi'a ba ta karɓar canji. Kuma abin lura shi ne daga dabbobi ya ɗauko shaidunsa, inda ya nuna yadda ake mai da shaho na gida, da yadda ake koya wa kare ya kama farauta ya kame bakinsa daga ci, da yadda ake ladabtar da doki mai tutsu har ya bi linzami, sa'an nan ya buga misali da ƙwallon dabino, wanda ba zai taɓa zama tuffa ba, amma kuma ba zai zama bishiyar dabino ba sai an shuka shi an yi masa ban-ruwa. Nassoshi ma sun zo ta fuska biyu. Ga hadisin fiɗira, wanda ya jingina karkatar da yaro ga iyayensa. Ga kuma labarin Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa da haƙuri da rashin gaggawa, da ya tambaya ko shi ya koyi waɗannan halaye ko a kansu aka halicce shi, aka amsa masa cewa a kansu aka halicce shi. Ga kuma mutumin da ya zo wa Manzon Allah yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa, aka tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa ba a samun mai launin toka, ya ce ana samu, kuma da bakinsa ya ba da dalili cewa wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Saboda haka babu mai ilimi da ke musun gado, babu kuma mai musun tarbiyya. Inda magana take shi ne iyakar kowannensu, da kuma lokacin da ɗaya yake miƙa wa ɗaya.

Dalilin da ya sa ba a iya raba wannan gardama da duban mutane kawai, ko da an shekara dubu ana dubawa, shi ne uwa guda ce take ba ɗa rabin gadonsa, ita ce take ɗauke da shi wata tara, ita ce kuma take shayar da shi tana goya shi. Idan ya tashi matsoraci kamarta, babu mai iya rantsuwa ta wace ƙofa cikin ukun tsoron ya shigo. Ba za a gane ba sai an raba ƙofofin, a ɗauke ɗan wannan a ba waccan, a ɗauke na waccan a ba wannan, a daidaita abinci da ɗaki da haske, a kuma zaɓi wanda zai auri wa har zuriya bayan zuriya, abin da shari'a da hankali duk ba su yarda a yi wa ɗan Adam ba. A nan ne ɓera ya shigo. Na san wannan halitta ba ta da daraja a idonmu, hadisi ma ya kira ta ƙaramar fasiƙa saboda jan lagwanin fitila da takan yi ta ƙone gida. Amma Alƙur'ani ya shaida mana a Suratul An'ami cewa dabbobi al'ummomi ne kamarmu, kuma mai neman i'itibari ba ya raina inda zai same shi. Tun a 1906 Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka ta fara kiwon fararen ɓeraye domin bincike, saboda wasu siffofi da suka sa suka dace da aikin: cikinsu kwana 21 ne zuwa 23, uwa takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya, ana yaye su a sati uku, suna balaga cikin wata biyu, har mai bincike ya ga jikokin jikoki a 'yan shekaru kaɗan. Kuma ana haifar su tsirara, makafi, kunnuwa a toshe, ba sa buɗe ido sai wajen sati biyu, ba sa ma iya fitsari sai uwa ta lashe su. Watau babu abin da ya kai su dogara ga uwa.

Masu cewa jini ne suka fara samun nasara. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Robert Tryon, ya gina wani akwati mai lunguna 17 marasa ɓullewa, da abinci a can ƙarshe, ya saka ɓeraye 142 ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga kuskuren kowane. Waɗanda suka fi saurin gane hanya ya haɗa su aure da junansu, waɗanda suka fi ɓata su ma ya haɗa su da junansu, ya yi ta maimaita haka a kan 'ya'ya da jikoki, har kafin a wuce zuriya ta takwas gidajen biyu suka rabu sarai, mafi dakushewa a gidan masu kaifi ya kusan fin mafi kaifi a gidan dakusassu. Ya bayyana sakamakon a 1940, mutane kuwa suka ce an gama magana, basira gado ce. A Landan ma, a asibitin Maudsley, Peter Broadhurst ya yi irin wannan zaɓe a kan tsoro, inda ake auna shi da wata hanya mai ban dariya amma mai inganci, wadda Calvin Hall ya fito da ita a 1934: a ajiye ɓera a fili mai haske wanda bai sani ba, a ƙirga kashin da firgita ta sa ya yi. Nan ma aka sami gidan matsorata da gidan masu ƙarfin hali, kowane yana haifar irinsa. Wannan hujja ce ta gaske, kuma duk abin da zai biyo baya bai rushe ta ba.

Amma ba a jima ba aka fara ganin tsaga a ginin. A 1949 wani mai suna Searle ya gwada zuriyar ɓerayen Tryon da wasu jarrabawa dabam, ya tarar waɗanda ake kira masu basira ba su fi 'yan'uwansu a kowane fage ba, sai dai sun fi kwaɗayin abinci, sun kuma fi natsuwa a cikin irin wancan akwati. Ashe abin da aka sa wa suna basira ya haɗa da yunwa da rashin tsoro, wanda darasi ne ga duk mai saurin sanya wa yaro suna daƙiƙi. Sa'an nan a 1958, a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Cooper da Zubek suka ɗauki 'ya'yan wasu gidaje biyu irin waɗannan bayan yaye, suka rarraba su: wasu a keji na al'ada, wasu a keji wanda babu kome cikinsa sai abinci da ruwa, wasu kuma a keji mai cike da abubuwan hawa da lilo da ramuka da madubai. Waɗanda aka rena a keji na al'ada suka nuna bambancin da aka saba gani. A kejin da babu kome, 'ya'yan masu kaifi suka dakushe har suka yi daidai da dakusassu; a keji mai wadata kuwa, 'ya'yan dakusassu suka farka har suka kusan cim ma masu kaifi. Gadon yana nan bai tafi ko'ina ba, amma bayyanarsa ta rataya ga gidan da aka tashi, kamar dai ƙwallon dabinon Gazali.

Duk wannan bayan yaye ne. Abin da ya fi kusa da maganarmu ta nono ya fito ne daga wani kuskuren zato. Seymour Levine, a Amurka, cikin shekarun 1950, ya so ya nuna cewa wahalar jarirantaka tana lalata hali, sai ya kasa jariran ɓeraye uku: kashi ɗaya a ɗauke su daga uwa kullum na 'yan mintoci a ɗan ja musu lantarki, kashi na biyu a ɗauke su a mayar ba tare da an yi musu kome ba, kashi na uku a bar su ba mai taɓa su. Da suka girma, sai ga shi waɗanda ba a taɓa ba su ne suka fi kowa firgita, waɗanda ake ɗauka ana mayarwa kuwa sun fi natsuwa. Levine ya yi zargin cewa sirrin yana wajen uwa, domin duk lokacin da aka mayar mata da 'ya'yanta takan hau su da lasa da gyara fiye da yadda ta saba. Victor Denenberg da abokin aikinsa kuma suka nuna a 1963 cewa abin da aka yi wa mace tana jaririya yana bayyana a halin 'ya'yanta, waɗanda su ba a yi musu kome ba. Kafin wannan ma, a 1957, William Thompson ya riga ya nuna cewa idan aka firgita ɓera tana da ciki, 'ya'yanta sukan tashi da ɗari-ɗari ko da wata uwa ce ta rene su, watau ƙofa ta biyu, ta mahaifa, ita ma a buɗe take.

Wanda ya bi wannan zargi har ya tabbatar da shi shi ne Michael Meaney na Jami'ar McGill a Montiriyal, shi da almajiransa. Ba su taɓa kome ba da farko. Zama kawai suka yi suna kallon uwaye a satin farko na haihuwa, sau da yawa a yini, suna rubuta abin da kowace ke yi, har suka gane cewa uwayen ɓeraye ba ɗaya suke ba: akwai masu yawan lasar 'ya'ya da gyara su da gantsare baya don su sami nono a sauƙaƙe, akwai masu ƙarancin yin haka, na farkon suna yin kamar ninki biyu na na ƙarshen. Ya kamata a lura cewa masu ƙarancin lasa ba azzalumai ba ne, suna shayarwa, suna zama da 'ya'yansu gwargwadon yadda sauran ke zama, 'ya'yan kuma suna girma lafiya. Amma a 1997 suka bayyana cewa 'ya'yan masu yawan lasa, bayan sun zama manya, idan aka tsorata su jininsu ba ya cika da sinadarin firgita kamar na sauran, kuma yana saurin komawa daidai. A sabon wuri su ne ke fita tsakiyar fili su ci abinci, alhali 'yan'uwansu suna raɓe a jikin bango. 'Ya'ya mata kuma, idan suka haihu, kowace takan yi wa 'ya'yanta yadda uwarta ta yi mata.

Mai cewa jini zai yi murmushi a nan ya ce, to ai ga shi, uwa mai natsuwa ta haifi 'ya mai natsuwa, lasar alama ce kawai ta abin da ke cikin jini. Shubuha ce mai ƙarfi, kuma ba ta da amsa sai ta hanyar riƙo. A 1999 Darlene Francis da Meaney suka bayyana abin da suka gani da suka yi musayar jarirai cikin sa'o'in farko na haihuwa, biyu kacal daga kowane ciki don kada uwar riƙon ta sake halinta, suka ɗauki 'yar mai ƙarancin lasa suka ba mai yawan lasa, suka kuma yi akasin haka. 'Yar da aka haifa a gidan tsoro aka rena a gidan natsuwa ta tashi da natsuwa, da ta haihu kuma ta zama mai yawan lasa kamar wadda ta riƙe ta. Wadda aka haifa a gidan natsuwa aka rena a ɗaya gidan ta ɗauko halin gidan riƙonta, ta kuma miƙa shi ga nata 'ya'yan. Ga hali yana bin zuriya daga kaka zuwa uwa zuwa jika, wanda duk mai kallo daga waje zai rantse gadon jini ne, alhali kuwa ta harshen uwa yake bi, cikin kwana bakwai waɗanda ɗan ba zai taɓa tuna su ba.

Saura tambayar yadda lasa ta sati ɗaya take zama halin rayuwa duka, kuma amsar da Meaney da Moshe Szyf da almajirinsu Ian Weaver suka bayar a 2004 ita ce ta sa wannan bincike ya yi suna a duniya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira hifokamfus, wanda daga cikin ayyukansa akwai jin yawan sinadarin firgita a jini da ba da umarnin a tsayar da shi idan ya isa. Yana ji ne ta wasu 'yan kunnuwa da ƙwayoyinsa ke ƙerawa bisa umarnin da ke rubuce a littafin gado, wanda masana ke kira DNA. Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa baƙaƙe dabam, wasula dabam: baƙi ɗaya ne, amma in an sa masa wasali sai ya motsa a ji shi, in an sa masa ɗauri sai ya tsaya cik. To, abin da suka gano shi ne baƙaƙen wannan umarni iri ɗaya ne a ɓerayen duka, sai dai akwai wani ɗan sinadari, metil, wanda ke zama a farkon umarnin kamar ɗauri ya hana a karanta shi. Kwana ɗaya bayan haihuwa yana nan a kan dukan jarirai, amma kafin a cika sati ya kau daga waɗanda ake yawan lasa, ya zauna daram a kan sauran har girmansu. Waɗanda aka cire wa ɗauri suka sami kunnuwa da yawa, suna jin firgita ta isa su tsayar da ita. Sauran kuwa sai ta yi ta ambaliya. Ashe dattijon da ya ce hali zane ne bai yi ƙarya ba, akwai zanen, har an gan shi. Abin da bai faɗa ba shi ne wa ya zana, kuma a wane sati. Ba a kan dutse aka yi shi ba kuma, domin da suka zuba wa manyan ɓeraye matsorata wani magani mai suna trikostatin a ƙwaƙwalwa, ɗaurin ya ragu, firgitarsu ta sauko daidai da ta sauran. Shekara guda bayan haka suka yi akasinsa da sinadarin metiyonin, suka mai da masu natsuwa matsorata.

A ganina wannan ya fi amfani ga mai nazarin ƙaddara fiye da yadda yake ga likita. Jabariyya sun ce bawa ba shi da wani aiki, kamar gashin tsuntsu yake a iska. Mu'utazilawa suka ce shi ke halittar ayyukansa. Ahlussunna suka tsaya a kan cewa Allah ne mai halitta, bawa kuma yana da kasabi, kuma ƙaddara tana gudana ne ta cikin sabubba, kamar yadda Sayyidina Umar ya fahimta ranar da ya juya daga Sham saboda annoba, ya bayyana cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sau da yawa idan muka ce da wani hali jibilla ce, abin da muke nufi a ɓoye shi ne ba shi da sababin da hannun mutum zai kai gare shi, saboda haka babu laifin kowa kuma babu aikin kowa. Ɓerayen McGill sun nuna cewa tsakanin abin da aka haifi mutum da shi da abin da ya koya da saninsa akwai wani fili na uku mai faɗi: abin da bai zo da shi ba, bai kuma zaɓa ba, wani ne ya saka masa tun bai san kansa ba. Ta fuskar mai halin, wannan daidai yake da jibilla, ba za a zarge shi da samuwarsa ba, sai dai a tambaye shi abin da ya yi da shi bayan ya zama mukallafi, kuma ladan mujahadar matsoraci da ya daure ya tsaya ba zai zama ɗaya da na wanda bai san tsoro ba. Ta fuskar waɗanda suka rene shi kuwa kasabi ne tsantsa. Abu guda ne, ƙaddara ga wani, aiki ga wani.

Sai dai ina jin tsoron wani mai karatu, musamman namiji, zai rufe wannan takarda ya ce, to ashe duk laifin uwaye mata ne. Binciken kansa ya toshe wannan ƙofa. Frances Champagne da Meaney sun nuna a 2006 cewa idan aka takura wa uwa mai yawan lasa a ƙarshen cikinta, sai ta haihu ta zama mai ƙarancin lasa, 'ya'yanta su tashi da halin gidan masu ƙarancin lasa. Watau harshen uwa yana faɗin abin da duniya ta yi mata ne, kuma wanda ya ƙuntata wa mai ciki ya sa hannu a zanen, ko da bai taɓa jaririn ba. Sun kuma nuna a shekarar da ta biyo cewa 'yar mai ƙarancin lasa, idan bayan yaye aka sa ta cikin 'yan'uwa a wuri mai wadata, takan zama mai yawan lasa in ta haihu, silsilar ta yanke a kanta. Har ila yau bai kamata a ce ɓera matsoraci ɓatacce ne ba, domin a cikin keji ne tsoro ba shi da amfani; a rumbun da kyanwa da muzuru ke kewayawa, wanda ya raɓe a bango shi ke kwana da rai, kuma an ga cewa 'ya'yan masu ƙarancin lasa sun fi kama darasi a lokacin tsanani, matansu kuma sun fi saurin balaga. Kamar dai uwar tana aika wa ɗanta labarin irin duniyar da zai tarar ne, tun idonsa bai buɗe ba, jikinsa kuma ya yi shiri gwargwadon labarin. Wanda ya ga hikima a nan bai yi nisa ba.

Wajibi ne kuma a yi hattara da ƙiyasi, domin malaman usulu sun ce ƙiyasi ba ya inganta idan akwai bambanci mai tasiri tsakanin asali da reshe. Jaririn ɓera a satinsa na farko bai kai jaririn mutum nuna ba, yarintarsa sati uku ce, tamu shekaru ce. Ba shi da harshen magana, ba shi da malami, ba shi da tuba. Uwa ɗaya ke renonsa a keji, alhali ɗan mutum yana tashi ne a hannun kaka da goggo da inna da yayye, wani ma a ba da shi riƙo tun yana ƙarami. Gaskiya ne a 2009 mutanen McGill sun duba ƙwaƙwalen mamata 36, suka sami irin wancan ɗauri ya fi yawa a waɗanda aka azabtar suna yara, amma adadi kaɗan ne, kuma ishara ce, ba hukunci ba. Abin da zan iya cewa da natsuwa shi ne fiƙihunmu bai taɓa ɗaukar shekarun farko da wasa ba: ya sa shayarwa cikin shekara biyu tana haramta abin da nasaba ke haramtawa, a mazhabar Malik ko da kaɗan ne ya isa ciki, ya ba uwa haƙƙin reno, bayanta kuma ya gabatar da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a kan uba, Gazali kuma ya yi wasiyya kada a ba da yaro shayarwa sai ga mace saliha mai cin halal. Ba na cewa illar waɗannan hukunce-hukunce ita ce abin da aka gani a ɓera, wannan shisshigi ne. Ina cewa ne wanda ya tashi a cikinsu bai kamata labarin ya zo masa baƙo ba.

Akwai gyara ɗaya da ɓeraye suka yi wa karin maganarmu ta shan hali a nono, kuma Saul Schanberg na Jami'ar Duke ne ya kawo shi, shi da Cynthia Kuhn. Sun lura cewa idan aka raba jariri da uwarsa na ɗan lokaci, sinadaran girma a jikinsa sukan faɗi nan da nan. Suka yi zaton yunwa ce ko sanyi, sai suka sa wa uwar maganin barci suka bar 'ya'yan a jikinta, ga ɗumi, ga nono yana zuba suna sha, amma ba ta lasar su, sinadaran kuwa suka faɗi kamar ba ta nan. Daga nan suka ɗauki ɗan burushin fenti suka jiƙa, suka riƙa shafa bayan jariran da ƙarfi da sauri irin yadda harshen uwa ke yi, sai sinadaran suka tashi suka koma daidai, babu uwa babu nono. Tiffany Field ta ɗauki wannan zuwa ɗakin bakwaini a Miami, inda aka riƙa shafa jikin jarirai da motsa gaɓoɓinsu na minti 15 sau uku a yini har kwana goma; a rahoton da suka fitar a 1986, waɗanda aka shafa sun fi sauran ƙaruwar nauyi da kashi 47 cikin ɗari, alhali madarar da suka sha daidai take da ta sauran, kuma an sallame su daga asibiti kwana shida kafin 'yan'uwansu.